Yadda muka nemo 'ya'yan mashaya domin bincike a zangon Kumasi, daga takardar farko zuwa hirar ƙarshe

Duk wanda zai yi bincike a kan matasan da iyayensu ke shan giya, abu na farko da zai tsaya masa a wuya shi ne inda zai samo su. Ba su da rajista a asibiti, ba su da ƙungiya, kuma a zangon Kumasi babu yaron da zai ɗaga hannu ya ce ubansa mashayi ne. Kalmar kanta zagi ce, takan bi yarinya har ranar da dangin miji suka turo a binciki asalinta. Mu huɗu muka yi aikin: ni, da mataimaka biyu mace da namiji, da wata nas ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Yaran da muke nema 'yan shekara 13 ne zuwa 17. Daga ranar da muka miƙa takardar farko zuwa ranar hira ta ƙarshe wata 11 ne, kuma 6 daga ciki sun tafi tun ba mu yi wa yaro ko ɗaya magana ba. Unguwannin da muka shiga da makarantun ba zan faɗi sunansu ba.

Dalilin binciken sananne ne. Nazarin da aka yi a kan tagwaye da yaran riƙo a Turai da Amurka ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya gado ne, ana kuma ƙiyasta cewa ɗan mashayi ya fi sa'ansa yiwuwar faɗawa cikinta kusan ninki 4. Sai dai galibi a can aka auna wannan. A can mai bincike yakan je taron Alateen, ƙungiyar 'ya'yan mashaya da aka kafa a Kalifoniya a 1957, ko ya liƙa talla a asibiti, ko ya bi takardun kotu na waɗanda aka kama suna tuƙi a buge. A kan wannan salon muka rubuta tsarinmu na farko, har da fosta mai cewa muna neman yaran da mahaifinsu ke sha. Malamin da ke duba aikin ya karanta, ya ajiye, ya ce, "Wane yaro ne zai tsaya gaban wannan takarda a bangon makaranta yana karantawa, abokansa suna kallonsa?" Nan fostar ta mutu. Muka koma ga ƙofa biyu: ta asibiti, inda za mu bi ta hannun iyayen da ke karɓar magani, da ta makaranta, inda za mu yi wa aji gaba ɗaya tambayoyi iri ɗaya, mu gane waɗanda muke nema daga amsoshi, ba tare da an ware kowa a gaban jama'a ba.

Kafin a je kowane ofis sai an gama da tambayoyin, domin kwamitin ɗa'ar bincike zai nemi ganinsu a duk harshen da za a yi amfani da shi. Mun ɗauki CAST-6, gajeren sigar gwajin CAST mai tambaya 30. Gajeren, wanda aka fitar a 1993, tambaya 6 ce kawai, amsarsu i ko a'a, kuma yaron da ya ce i sau 3 ko fiye ana ɗaukarsa a matsayin wanda wataƙila wani cikin iyayensa yana da matsalar giya. Muka haɗa da SDQ na Robert Goodman, mai tambaya 25 a kan ɗabi'a da damuwa, wanda yaro daga shekara 11 zai iya cikawa da kansa. Mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani wanda bai taɓa ganin na Turancin ba ya mayar da Hausar Turanci, muka gwada su biyun. Haka aka yi da Tonanci, wato harshen Twi na Asante, tunda yaran zango da yawa da shi suke hira a makaranta. Sannan muka gwada a kan yara 20 a wata makarantar da ba ta cikin binciken, kuma a nan ne asirin fassarar ya tonu. Mun rubuta "shaye-shaye", sai ga yara suna amsawa a kan tramol da wiwi na yayyensu, domin a yau abin da kalmar ke kawowa kunnen yaron zango ke nan. Dole muka fito fili muka ce giya, muka lissafa akpeteshi da bitas da pito da biya da 'yar leda. "Iyaye" ma ta ba mu wuya: ƙanin uba Baba ne, kishiyar uwa Mma ce, yara da dama kuwa a hannun kaka ko goggo suke. Muka fayyace: wanda ya haife ka, ko wanda kake zaune a hannunsa yana ɗaukar nauyinka.

Akwai tambayoyi biyu da fassara ba ta iya gyara su. Ɗaya tana tambaya ko yaro ya taɓa yi wa mahaifinsa magana ya daina sha. A gidan Bahaushe ɗan shekara 14 ba ya zaunar da ubansa ya yi masa nasiha, don haka yaron da ke cikin wahala sosai zai iya cewa a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Ɗayar tana tambaya ko ya taɓa jin kamar ya ɓoye kwalbar ko ya zubar da ita. Mashayin zango ba ya shigowa da kwalba gidan haya mai ɗaki 12. A sipot, wato wurin sayar da giya, na wata unguwa yake sha, ya tauna citta ko ya jefa minti a baki, ya dawo bayan isha'i. Ba mu taɓa tambayoyin ba, domin idan ka sauya su ka rasa damar gwada sakamakonka da na wasu. Mun dai rubuta a tsarin aikin cewa makin 3 zai iya tsallake wasu yaran a nan, kuma hira ce za ta tabbatar.

Sai kwamitin ɗa'a. A Gana akwai su da dama: Hukumar Lafiya ta Gana tana da nata a Accra, wanda galibi shi ake nema idan za a shiga asibitocinta, a Kumasi kuma akwai na jami'ar KNUST da na asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Tun farko mutum ya tambaya wanne ne wuraren aikinsa za su karɓa, kada ya gama da ɗaya a ce masa na ɗayan ake so. Abin da muka miƙa: cikakken tsarin bincike, takardar bayani ga iyaye, takardar izinin iyaye, takardar amincewar yaro daban, tambayoyin a harsuna 3, tarihin aikin kowannenmu, kasafin kuɗi, wasiƙar sashenmu, da rasit na kuɗin duba takardu, wanda ya bambanta tsakanin ɗalibi da mai tallafin waje. Abu ɗaya ya rage, wasiƙar amincewa daga wuraren da za mu yi aiki. Muka je neman ta, aka ce sai mun kawo takardar kwamiti. Muka koma kwamiti, aka ce sai mun kawo ta wurin aiki. Mako 3 muka yi muna wannan zarya kafin wata sakatariya ta ce mu roƙi wasiƙar da za ta ce an yarda bisa sharaɗin samun amincewar kwamiti. Layi biyu ne, kuma kowa ya karɓa. Kwamitin da muka kai wa namu sau ɗaya yake zama a wata, mun kuma makara da kwana 2, sai muka jira zama na gaba.

Bayan mako 7 takardun suka dawo da gyare-gyare, kuma duk da ranar raina ya ɓaci, uku daga ciki su suka ceci aikin. Na farko a kan suna ne. Mun sa wa takardar iyaye "lafiyar matasa da zaman gida" don gudun kalmar giya. Kwamiti ya yarda da sunan, amma ya ce a cikin bayani dole a faɗa ƙarara cewa za a tambayi yaro a kan shan giya a gida, da faɗa tsakanin manya, da abin da ke damunsa. Sakaya suna halal ne, yaudarar mai sa hannu kuwa ba a yarda ba. Na biyu a kan wanda zai sa hannu ne. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, saboda haka sai da izinin babba, alhali babban nan sau da yawa shi ne wanda binciken ke magana a kansa. Muka roƙi a bar mu mu ɗauki shiru a matsayin yarda, wato a aika takarda, wanda bai dawo da ita yana ƙi ba ya yarda ke nan. Aka ƙi, kuma da gaskiyarsu. Abin da aka amince shi ne sa hannun mutum ɗaya, uwa ko uba ko mariƙi, ya wadatar.

Na ukun ya fi nauyi: me za mu yi idan yaro ya faɗi abin da ba a bari? Sashe na 17 na wannan dokar ya wajabta wa duk wanda ya san ana cutar da yaro, ko yaron yana buƙatar kulawa da kariya, ya kai rahoto ga Sashen Jin Daɗin Jama'a. Sashe na 18 kuma, cikin waɗanda ya lissafa a matsayin masu buƙatar kariya, har da yaron da ke hannun wanda shan giyarsa ya sa bai cancanci riƙonsa ba. Ka ga gaba kura baya sayaki: idan duk yaron da ya ce ubansa na sha za a kai rahotonsa, binciken ya zama tarko, idan kuma ba a kai na kowa ba an karya doka. Muka zauna da jami'in jin daɗin jama'a na gunduma da nas ɗinmu muka ja layi a rubuce. Shan uba shi kaɗai ba ya jawo rahoto. Duka mai barin rauni, ko taɓa yaro ta hanyar lalata, ko barinsa da yunwa, ko tunanin kashe kai, waɗannan ba a kwana da su. Muka rubuta wanda za a kira, da lambar wayarsa, da wanda zai raka yaron, da lokacin da sai an sa sashen 'yan sanda na DOVVSU, mai kula da cin zarafi a cikin gida, a ciki. Muka mayar, bayan mako 4 amincewa ta fito, ta shekara 1.

Da ƙofar asibiti muka fara, muna ganin ita ce mai sauƙi. Ƙa'ida ita ce mai bincike ba ya buɗe fayil ɗin majiyyaci, ba ya tare shi a layi. Ma'aikacin da ke duba shi ne zai ambata masa binciken bayan an gama ganin likita, in ya so sai a haɗa mu. A mako 10 an yi wa majiyyata 31 magana, 19 suna da yara a shekarun da muke so, 7 suka yarda, yara 4 suka zo. Dalilan a bayyane suke da muka duba. Wanda giya ta kai shi asibiti galibi aurensa ya riga ya mutu, yaran suna wurin uwarsu a Tamale ko Techiman. Wasu kuma iyalinsu ba su san wane sashe suke zuwa ba, sun ce musu hawan jini ne. Ga kuma wani haɗari da ba mu hango ba: majiyyaci yana jin nauyin nas ɗin da ke ba shi magani, sai ya ce to, ya je gida ya umarci yaro ya zo. Ɗaya cikin huɗun da mataimakiyarmu ta keɓe ta tambaye shi ko shi yana so, ya ce Baba ne ya ce. Muka ba shi kuɗin motarsa, sidi 30, muka sallame shi, muka gaya wa uban an gode ba tare da ƙarin bayani ba. Ko da ƙofar ta yi albarka, yaran da take kawowa na gidajen da abin ya yi tsanani ne kawai.

Ƙofar makaranta tana da matakala. Wasiƙa tana farawa daga ofishin Hukumar Ilimi ta Gana na yankin Ashanti, ta sauko ofishin gunduma, ta bi ta jami'in da ke zagaya makarantu, ta isa hannun hedimasta. Mutane kan manta cewa zangunan Kumasi ba a gunduma ɗaya suke ba: Aboabo da Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin Asokore Mampong, Tafo tana da tata, Ayigya tana Oforikrom. Unguwa biyu da ke kusa za su iya buƙatar wasiƙa biyu. Idan makarantar ta Islamiyya ce da gwamnati ta karɓa, a sanar da Sashen Ilimin Musulunci, a kuma gaida mai makarantar, domin hedimasta ma'aikacin gwamnati ne amma ginin na Malam ne. A wani ofis wasiƙarmu ta ɓace, muka yi kwana 12 muna jiran amsar takardar da ba ta kan teburin kowa. Daga ranar duk wasiƙar da muka kai kwafi biyu ce, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata mu tafi da ita. Kalanda ma a duba ta da kyau. 'Yan aji uku na ƙaramar sakandare ba sa taɓuwa idan jarrabawar kammalawa ta BECE ta matso, Juma'a rabin yini ce, a watan azumi kuma yara a gajiye suke, iyaye ba sa zuwa taro.

Kafin takarda ko ɗaya ta shiga gida, sai da muka bi manya. Asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, ya kai mu fadar sarkin unguwa, da goronmu, muka faɗi gaisuwa, muka yi bayani. Daga nan sai liman, sai magajiya, shugabar matan unguwa, wadda a gaskiya ita ta fi yi mana amfani, domin iyaye mata su ne za su sa hannu, kuma maganarta suke ji. Matsalar da ke wannan mataki alheri ne mai yawa. Wani dattijo a fada ya ce, "Malam, ai ba sai kun wahala ba, mun san gidajen, sai a haɗa ku da yaro ya nuna muku." Na ce, "Ranka ya daɗe, mun gode, amma duk gidan da aka ga mun shiga an gama da shi. Kowane gida muke so, na malami da na mahauci da na direba." Liman ya so ya sa maganar a huɗuba, muka roƙe shi ya tsaya a kan cewa masu binciken lafiyar matasa za su zo makarantu kuma ya san da zuwansu. Da ya haɗa da wa'azin haramcin giya, da duk wanda ya sa hannu zai ji kamar ya amsa laifi. Irin wannan tayin ya sake zuwa daga wani hedimasta, mutumin kirki, wanda ya jawo rajista ya fara sa alama da jan biro a gefen sunayen da yake zargi. Sai da na dafa littafin na ce, "Maigida, don Allah a rufe, ko mu ba ma so mu sani ta wannan hanya."

Takardun izini 412 muka raba a makarantu 5, bayan mun yi bayani a taron iyaye da malamai da Hausa da Tonanci. A makon farko 150 suka dawo. Wasu sun narke a jaka tare da ledar ruwa, wasu an naɗe ƙosai da su, da yawa kuwa suna nan a gida domin babu mai karanta Turanci, Hausar boko kuma ba kowa ne ya saba karanta ta a Kumasi ba. Muka sake bugawa, muka sa ranaku biyu da yamma da mataimakanmu za su zauna a makaranta su karanta wa duk wanda ya zo, ga tawadar dangwale, ga shaida wanda ba ɗan tawagarmu ba. Haka muka kai 286. A ciki 23 rubutun hannunsu iri ɗaya ne da na yaran, har da wasu uku da biro ɗaya ya sa wa iyaye uku hannu. Muka buga wa iyayen waya, maganar kuma a rubuce take don kada wani ya ƙara gishiri: daga makaranta ne, kun ga takardar binciken lafiyar matasa, kun yarda? Ba a ambaci giya a waya, tunda ba ka san wanda ke kusa ba. 14 suka tabbatar, 9 muka cire. Abin da ya kamata mai bincike ya rubuta a rahotonsa ba tare da kunya ba shi ne, gidan da ya fi rikicewa shi ya fi wuya ya dawo da takarda. Cikin 126 da ba su dawo ba akwai yaran da aka tsara binciken dominsu, kuma ba mu da hanyar halal ta isa gare su.

Ranar cika tambayoyi tana son tsari kamar na jarrabawa, amma ba a kiranta jarrabawa. Malamai duka suna fita, har daga bakin taga. Ana raba kujeru yadda kowa ba zai ga takardar maƙwabcinsa ba, inda benci ɗaya ke ɗaukar uku sai a yi zama biyu. Yaran da ba su da izini, ko suka ce ba sa so, ba a kore su waje, ana ba su takarda mai kama da ta sauran, da tambayoyin wasanni da abinci, wadda ba ma karantawa. Babu suna a kan takarda, lamba ce kawai. Mataimaki yana karanta kowace tambaya da ƙarfi da Turanci da Hausa da Tonanci, kowa ya sa alama a lokaci guda, don kada a gane wanda ya daɗe a kan wata tambaya. Tambayoyin giya muka sa a tsakiya, bayan na barci da na abokai. Duk da haka ana gani. Wata yarinya a layin baya, da aka zo tambayar ko ta taɓa fatan wani cikin iyayenta ya daina sha, sai ta jawo gefen hijabinta ta rufe takardar da hannun da ke riƙe da biro, ta yi alamar a ƙarƙashin mayafi, ba ta ɗago kai ba har aka wuce tambaya biyu. Mun riga mun gargaɗi juna cewa in an ga irin haka ba a matsawa kusa, ba a kallo. Kowa ya sa takardarsa a ambulan ya liƙe ya jefa a kwali. Minti 40 ne. A ƙarshe kowane yaro a ajin, wanda ya shiga da wanda bai shiga ba, ya sami littafin rubutu 2 da biro, da 'yar takarda mai lambar nas ɗinmu. Kuɗi a hannu ba mu bayar ba a makaranta, domin kuɗin yaro a irin gidajen nan an san inda yake ƙarewa.

Zaɓen waɗanda za a yi hira da su shi ne wurin da aikin wata 8 zai iya rushewa a yini ɗaya. Idan waɗanda suka sami maki 3 kawai aka kira, kafin tashi makaranta ta gane. Saboda haka ga kowane yaro mai maki 3 ko fiye muka jefa ƙuri'a muka ɗauko wani daga marasa maki, muka gauraya sunayen, muka kuma sanar tun a aji cewa ƙuri'a ce za ta fitar da wasu. Ni kaɗai nake riƙe da takardar da ke haɗa lamba da suna. Masu hirar ba su san makin wanda ke gabansu ba, wanda ya kare yaron ya kuma kare sakamakon. Mace da mace, namiji da namiji, a ɗakin da ake hango mutum daga waje amma ba a jin magana. Ofishin hedimasta bai dace ba, wurin bulala ne a idon yara. Kafin a kunna rikoda ana sake neman amincewar yaro, ana kuma gaya masa iyakar sirrin da kalmomi masu sauƙi. Tambayar da ta fi yawa ita ce, "Anti, za ki gaya wa Mma?" Amsar da muka tsayar: ba za a gaya wa Mma ko Baba ko malami ba, sai dai in wani yana cutar da ke ko kina shirin cutar da kanki, a nan ma ke za mu fara gaya wa kafin kowa. Sau 3 muka bi wannan hanyar ta rahoto, kuma da ba mu shirya ta tun kafin amincewa ba, da a ranar za mu tsaya muna neman lambar waya da yaro yana kuka a gabanmu. Hira 4 a yini ita ce iyaka ga mutum ɗaya. Mun gwada 6, sai muka ga mai tambayar ta fara tsallake wuraren da ke da zafi.

Yaran da ba sa makaranta mun so mu haɗa da su, masu koyon gyaran mota a Suame Magazine, da masu koyon ɗinki, da 'yan kayaye, wato 'yan dako, na kasuwar Kejetia, amma ba mu yi nisa ba. Maigidan sana'a ba mariƙi ba ne a doka, ba zai sa hannu ba, iyayen kuma suna arewa. Wanda ke son wannan rukunin ya nemi izini na musamman daga kwamiti tun a takardar farko, ya kuma ware masa wata 3 nasa.

A kasafi, abin da muka raina shi ya fi cin kuɗi: zirga-zirgar trotro da pragya, wato ƙananan bas da keke mai ƙafa uku, tsakanin ofisoshi, da katin waya, da sake buga takardu. Mun buga kusan ninki biyu na abin da muka tsara. A ware kuɗin kai yaro asibiti ko ofishin jin daɗin jama'a da na mai rakiya, domin babu wanda zai biya in ba kai ba. Bayanan kuwa suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843. Takardun izini, masu ɗauke da sunaye, suna kabad ɗaya, amsoshi suna wani, takardar haɗin lamba da suna tana wuri na uku. Murya ana sauke ta a kwamfuta mai mabuɗin sirri a ranar, a goge daga rikoda, kuma ba a tura ta ta WhatsApp ko tsakaninmu. Wajen rubuta hira ana sauya sana'ar uba da yawan 'ya'yansa, tunda a zango "mai gyaran rediyo mai mata biyu" suna ne cikakke. Amincewar kwamiti kuma tana ƙarewa ranar da ta cika shekara, ko an gama ko ba a gama ba, don haka a nemi sabuntawa da sauran wata 2.

Da muka koma kai bayani, mun haɗa makarantun 5 a taro ɗaya, alƙaluman ma a haɗe. Hedimastan nan mai jan biro ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malam, ni dai gaya mini nawa ne a tawa, ba sunaye nake so ba." Na ce masa ko adadin ba zan bayar ba, domin a aji mai yara 40 idan aka ce 5, kafin azahar malamai sun cika sunayen da kansu, biyu daidai uku ƙage. Abin da muka bar masa shi ne lambar nas ɗin, da ta jami'in jin daɗin jama'a, da alƙawarin cewa malamar ba da shawara ta makarantar za ta sami horon yini 2 a hutun da ke tafe.